Tara wasannin bidiyo: nawa ka kashe, nawa kayan suka kai? Tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na wanda faifan gem da kaset suka fara cika masa durowa ne, da wanda ya tara wasanni a asusunsa na PlayStation ko Steam (shagon wasannin kwamfuta na intanet) ko a waya, yana son sanin nawa ya zuba, nawa kuma kayan za su yi idan aka kai su kasuwa. Lissafi biyu ne daban. Na farko tabbas ne, domin kuɗin sun riga sun bar aljihunka. Na biyu ƙiyasi ne har sai ranar da mai saye ya ƙirga maka kuɗi a hannu.

Gem nishaɗi ne. Me ya kawo maganar rubuta kuɗi a ciki?

Kuɗin gem ba sa fita a dunƙule. Ranar da ka sayi na'ura ce kawai kake jin zafin fitar kuɗi, ita kaɗai kuma kake tunawa. Daga nan sai su riƙa zurarewa kaɗan-kaɗan: faifai yau, ƙarin hannun bugawa gobe, katin cika asusu, datar sauke wasan da ya haura gigabait 100, gyaran hannun da ya fara ja gefe guda, kuɗin rajistar wata. Tambayi wanda ya shekara biyar da na'ura nawa ya kashe, zai faɗa maka kuɗin na'urar da na wasa uku ko huɗu, sauran kuwa ya manta.

Ba cewa nake a daina ba. Ina son gem, ina kuma ganin mutuncin mai tara shi. Abin da nake so shi ne mutum ya san tsadar abin da yake so, kada sha'awa ta taɓa kuɗin cefane ko na makarantar yara bai ankara ba. Rubutun yana da wani amfanin kuma: ranar da za ka sayar, ko ka yi musaya, ko ɓarawo ya shiga ɗaki, ko aka yi gardamar wanda ya ari faifan wani, abin da ka rubuta shi zai raba gardama.

Me da me zan rubuta game da kowane wasa?

Sunan wasan da na'urar da yake hawa, ranar da ka saya, wurin da ka saya, da kuɗin da ka biya. Kuɗin nan kuma duka ake nufi. Idan daga waje aka aiko maka, sa kuɗin aike da na kwastan da la'adar wanda ya saya maka. Idan daga Alaba ko Ikeja aka sako maka shi a mota, kuɗin direba ma na ciki.

Sai yanayin kayan, wanda shi ne ya fi komai tasiri a farashi. Masu wannan harka sun kasa shi uku: faifai ko kaset tsura ba kwali, cikakke, wato da kwalinsa da ɗan littafinsa da duk takardar da ya zo da ita, da sabo dal wanda ba a taɓa yage ledarsa ba. Wasa ɗaya ne, amma tsakanin na farko da na uku farashi yana iya ninkawa sau da yawa, musamman tsofaffin wasannin Nintendo da kwalinsu na takarda ne, yara suna yagawa su yar tun ranar farko.

Rubuta yankin da aka buga shi domin sa. A faifan PlayStation na farko da na biyu za ka ga lamba a jiki: mai farawa da SLUS ko SCUS na Amurka ne, SLES ko SCES na Turai, SLPS ko SLPM na Japan. Na PS3 BLUS da BLES ne suka fi yawa, na PS4 kuma CUSA da lambobi a gaba. Wannan lamba ta fi sunan wasan amfani idan kana neman farashi, don ita ke bambanta bugu da bugu. Ka lura kuma ko bugun farko ne ko wanda aka sake fitarwa da araha bayan wasan ya karɓu, irin su Greatest Hits a Amurka da Platinum a Turai. Masu tarawa sun fi biyan kuɗi a kan bugun farko.

Abu biyu da ake yawan tsallakewa: canjin dalar Amurka a ranar da ka saya, da hoton kayan gaba da baya. Maganar canji tana nan tafe. Hoto kuwa minti ɗaya ne aikinsa.

Littafi zan yi amfani da shi, ko kwamfuta, ko manhaja?

Wanda za ka iya ɗorewa da shi. Littafin makaranta ya isa mai wasa ashirin. Idan sun fi haka, jadawalin Google Sheets ko Excel ya fi, don shi zai tara maka jimla, kuma yana buɗuwa a waya. Akwai manhajojin da aka yi domin wannan aiki, kamar CLZ Games da GAMEYE, shafin PriceCharting ma yana barin mutum ya jera kayansa ya ga ƙiyasin kuɗinsu. Sauƙinsu shi ne ka haska lambar bayan kwali da kyamara su cike sauran. Amma da farashin kasuwar waje suke aiki, kuma manhaja tana iya rufewa ko ta koma ta kuɗi. Duk wadda ka zaɓa, riƙa fitar da kwafin jerinka kana ajiyewa a wani wuri.

Na yi shekaru ina saye ban rubuta komai ba. Daga ina zan fara?

Daga yau. Duk abin da ka saya daga yanzu ya shiga littafi kafin ka kwanta. Na baya kuma ka bi shi a hankali.

Na intanet ya fi sauƙin tonowa. A asusun PlayStation da Xbox da Nintendo akwai tarihin ciniki a cikin saituna, rasit ɗin kowane saye kuma yana cikin imel ɗinka. Steam yana da wani shafi a sashen taimako, ƙarƙashin bayanan asusu, mai suna External Funds Used, wanda ke nuna jimlar duk kuɗin da ka taɓa zubawa tun ranar da ka buɗe. Na Google Play yana ƙarƙashin biyan kuɗi da rajista. Na kasuwa kuwa sai ka duba bayanan banki da tsofaffin saƙonnin WhatsApp tsakaninka da masu shago. Wanda ka rasa shaidarsa, rubuta abin da ka tuna ka sa masa alamar ƙiyasi, kada ya gauraya da na tabbas.

Na sayi na'ura da hannu biyu da faifai goma a kuɗi ɗaya. Yaya zan raba kuɗin?

A ce ka biya naira 60,000 gaba ɗaya. Ka duba kasuwa ka ga da ɗaiɗai ka saya, na'urar za ta kai 50,000, faifan duka 30,000, hannayen 20,000, jimla 100,000. Ka ga ka biya kashi 60 cikin 100 na kuɗinsu ke nan. To kowanne ka rubuta masa kashi 60 na farashinsa: na'ura 30,000, faifai 18,000, hannaye 12,000, sannan ka raba na faifan gwargwadon tsadar kowanne. Kada ka ɗora wa na'urar duka ka ce faifan kyauta ne, domin ranar da ka sayar da ɗaya za ka zaci riba ka ci zalla.

Musaya ma haka take. Idan ka ba da faifai biyu da cikon 5,000 ka karɓi ɗaya, kuɗin sabon shi ne cikon haɗe da abin da biyun za su yi a ranar.

Ta yaya ake sanin darajar wasa?

Da abin da aka saya, ba da abin da aka yi wa kuɗi ba. Kowa na iya sa faifansa a intanet ya ce dala 500, ya shekara ba wanda ya taya. Shi ya sa idan ka shiga kasuwar intanet ta eBay, jerin abubuwan da aka riga aka sayar za ka duba, akwai wurin tace su. PriceCharting daga irin wannan ciniki da aka kammala yake tattaro alƙalumansa, ya kasa su zuwa tsura da cikakke da sabo da wanda kamfanin tantancewa ya ba maki, kuma yana da sashen bugun Turai da na Japan daban.

Duba ciniki biyar ko goma na baya-bayan nan, ka watsar da mafi tsada da mafi araha, ka ɗauki na tsakiya. Idan wasan sau biyu kawai aka sayar da shi a shekara, alƙalamin ba abin dogaro ba ne, mutum ɗaya mai zumuɗi ya isa ya ɗaga shi. Ka kuma yi wa kanka adalci wajen yanayin kayanka. Faifan da ya sha ƙarce, ko kwalin da rana ta koɗar, ko wanda aka rubuta wa suna da biro, ba zai yi kuɗin mai tsabta ba.

Sannan ka cire abin da sayarwa ke ci. A Amurka eBay yana karɓar sama da kashi 13 cikin 100 na yawancin ciniki, ban da kuɗin aike da na kwalin da za a naɗe. Mai shago kuwa dole ya saya ƙasa da kasuwa tunda shi ma riba yake nema, sau da yawa rabin kuɗi zai taya. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan shi ya kamata ka rubuta.

Farashin da nake gani a waɗannan shafuka ya shafe ni a Kano ko Yamai?

Kaɗan. Wannan farashin masu saye ne a Amurka da Turai, inda ake da dubban masu tara tsofaffin wasanni. A kasuwanninmu yawancin masu saye masu bugawa ne, tambayarsu ita ce yana hawa ko ba ya hawa, akwai ƙwallo a ciki ko babu. Kana iya riƙe da faifan PS2 da ake rububi a waje, mai shago a titin Beirut ko Sabon Gari ya taya shi kuɗin kowane tsohon faifai, kuma bai cuce ka ba, iya abin da zai iya sayar da shi ke nan. Akasin haka ma yana faruwa: na'urar PS4 ta hannu tana riƙe kuɗinta a nan saboda gidajen gem suna nema, sabuwa kuma ta yi tsada.

Don haka ka ware gida biyu a jadawalinka, farashin gida da farashin waje. Na gida shi ne gaskiyarka. Na waje ba ya zama naka sai kana da amintaccen wanda zai kai, ya sayar, ya aiko maka, bayan an cire duk abin da hanya ta ci.

Na sayi wasa 12,000 na sayar 15,000 bayan shekaru. Ba riba ba ce?

Ya danganta da shekarun. A 2015 dala ɗaya tana wajen naira 200 a farashin gwamnati, wasan dala 60 ya kama naira 12,000 ke nan. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, a cikin 2024 dala ta kai wajen 1,500. Naira 15,000 a lokacin dala 10 ce kacal. A takarda ka ci ribar 3,000, a zahiri kashi ɗaya cikin shida na kuɗinka ne ya dawo.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yaɗuwa a tsakanin masu gem a Najeriya cikin 'yan shekarun nan. Mutum ya ga na'urar da ya saya tuntuni yanzu ana kiran ta da kuɗin da ya fi na da, sai ya ce gem kadara ce. Na'urar ba ta ƙara daraja ba, naira ce ta faɗi. Da ya sayar ya je sayen sabuwa zai gane, don ita ma ta bi dala ta haye. Shi ya sa na ce a rubuta canjin ranar saye, a mayar da kowane kuɗi zuwa dala a gefe, sannan a kwatanta. Masu sidi a Gana su ma haka ya kamata su yi. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi sun fi samun sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, sai dai tsadar rayuwa su ma tana rage wa kuɗin ƙarfi.

Me ya sa faifan ƙwallona ya faɗi warwas, wasu tsofaffin wasanni kuwa sai tashi suke?

Wasan ƙwallo duk shekara ake fitar da sabo, da sabbin 'yan wasa da sabbin riguna, kuma miliyoyi ake bugawa. Da na bana ya fito, na bara ya zama kwantai. Ko canjin suna bai sauya wannan ba: PES ya koma eFootball a 2021 ya zama na saukewa kyauta, FIFA kuma ya koma EA Sports FC a 2023. Idan ƙwallo ce rabin kayanka, ka lissafa kuɗinta a matsayin na nishaɗin shekara, kada ka sa ran za su dawo.

Masu tashi su ne waɗanda aka buga kaɗan, ko ba su karɓu a lokacinsu ba sai daga baya, ko ba a sake fitar da su a sabbin na'urori ba. Wani bincike da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su sabbi a lokacin. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. PS2 ta fito a 2000, an sayar da sama da miliyan 155, manyan wasanninta suna ko'ina. Ka sani kuma da kamfani ya sake fitar da tsohon wasa a sabuwar na'ura, farashin tsohon faifan yakan sauko.

Kwafi da jabu fa, nawa zan rubuta musu?

A gidan abin da ka kashe, rubuta abin da ka biya. A gidan daraja, sifili. Da yawanmu da su muka tashi: faifan PS2 na kwafi da ke hawa na'urar da aka yi wa aiki, da kaset ɗin nan masu ruwan ɗorawa da ake rubuta wa wasa dubu-dubu alhali 'yan ƙalilan ne ake maimaitawa. Suna da daɗin tunawa, amma masu tarawa ba sa saye, kuma sayar da su da sunan na ainihi ha'inci ne.

Faifan PlayStation na farko na ainihi bayansa baƙi ne. Na PS2 ruwan azurfa ne ko shuɗi, kuma idan ka karkata shi a haske za ka ga tambarin PlayStation a jikin bayan. Kaset ɗin Pokémon na Game Boy Advance na daga cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. Na ainihi yana da 'yan lambobi da aka danna a jikin takardar gaba, da sunan Nintendo a allon ciki daidai saman haƙoran. Idan kuɗin da yawa, kada ka biya sai an buɗe ka gani.

Wasannin da na saya ta intanet, nawa darajarsu?

A kasuwa, babu. Abin da ka saya izinin bugawa ne da ke ɗaure da asusunka, ba ka da ikon sayar da shi. Tun Oktoban 2024 Steam yake rubuta hakan ƙarara a wurin biya, bayan jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta wa shagunan intanet faɗa wa mai saye gaskiya. Sayar da asusun ɗungurungum ya saɓa ƙa'idar kamfanonin, suna iya rufe shi. Ko gado ba ya shiga yadda faifai ke shiga, don ƙa'idar Steam ba ta yarda a miƙa asusu ga wani ba.

Shagunan ma ba sa dawwama. Nintendo ya rufe saye a shagon 3DS da Wii U ranar 27 ga Maris 2023, Microsoft ya rufe na Xbox 360 ranar 29 ga Yuli 2024, ko da yake wanda ya riga ya saya yana iya sake saukewa. Na wasan The Crew ya fi muni: kamfanin Ubisoft ya kashe kwamfutocin da wasan ya dogara da su a ƙarshen Maris 2024, har mai faifai a hannu ya daina iya bugawa. Ga kuma wani sabon salo da ya zo da na'urar Nintendo Switch 2 a 2025, katin da ba wasan a cikinsa sai mabuɗin saukewa. Ana iya sayar da shi, amma ka rubuta a jadawalinka cewa irin wannan ne.

Wani abin lura: da yawa a Najeriya da asusun Amurka ko na Ingila suke amfani a PlayStation, kuma ba a canja wa asusu ƙasa bayan an buɗe. Ƙarin kayan wasa da ka saya a asusun Amurka sau da yawa ba ya aiki da faifan Turai. Rubuta yankin kowane faifai zai hana ka wannan asara.

Wannan duka ba ya nufin sayen na intanet wauta ne, sau da yawa ma ya fi araha. A gwada shi da awo na daban: raba kuɗin da awannin da ka buga, tunda PS5 da Switch da Steam duk suna nuna su. Wasan 40,000 da ka yi awa 200 a kai ya kama naira 200 duk awa. Na 8,000 da ka saya don an yi rangwame ba ka taɓa buɗewa ba, shi ne mai tsadar.

Ɗana yana ta cire kuɗi a wayata yana sayen abubuwa a cikin gem. Ni uwa ce, ban san kan abin ba. Me zan yi?

Hajiya, abin da yake saya kuɗin cikin wasa ne, irin lu'ulu'un Free Fire ko UC na PUBG ko sulallan eFootball, ana sayen riguna da 'yan wasa da su. Da an saya shi ke nan, ba sa komawa naira. Ki shiga Google Play ki sa a riƙa tambayar lambar sirri ko zanen yatsa kafin kowane saye, ki kuma duba tarihin ciniki tare da shi, ku tara jimlar wata uku ya gani da idonsa. Akwai wurin sa iyakar kuɗin wata, sai dai nuni kawai yake yi, ba ya hana saye. Abin da ya fi aiki shi ne ki cire katin bankinki daga wayar, ki yanka masa abin da za ki iya a wata.

Ki fi sa ido a kan akwatunan sa'a, inda ake biya ba a san abin da zai fito ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauke su a matsayin caca tun 2018.

Na ji an sayar da kaset ɗaya sama da dala miliyan. Ashe gem jari ne?

An yi, ga yadda abin ya tafi. A Yulin 2020 gidan gwanjon Heritage da ke Dalas ya sayar da Super Mario Bros. a ledarsa dala 114,000. A Afrilun 2021 wani ya yi 660,000. A Yulin shekarar The Legend of Zelda ya yi 870,000, bayan kwana biyu Super Mario 64 ya yi miliyan 1.56, a Agusta kuma aka sayar da wani Super Mario Bros. miliyan 2. Duk sabbi ne da ba a taɓa buɗewa ba, kamfanin tantancewa ya ba su maki mai yawa ya rufe su a akwatin roba. Lokacin annobar korona ne, mutane suna zaune a gida, kuɗi suna neman inda za su shiga. A 2022 aka shigar da ƙarar kamfanin tantancewa na Wata a Amurka bisa zargin hura farashi, kasuwar irin waɗannan kaya kuma ta sauko sosai daga inda ta kai.

Wannan wata duniya ce daban da durowarka. Kaset ɗin da aka buga, aka hura wa iska, aka ara wa maƙwabta, ba ya cikin wannan lissafi. Ra'ayina shi ne kada wanda ya sa kuɗin da zai buƙata a gem da sunan jari. Ba ya haihuwa, yana lalacewa, mai sayensa kuma ba kullum ake samu ba. Sayi abin da kake so ka buga ko ka ajiye. Idan ya yi tsada wata rana, alhamdu lillahi.

Akwai zakka a kan kayan gem?

Abin da ka saya don amfanin kanka babu zakka a kansa, ko da ya yi tsada. Idan da niyyar kasuwanci ka saya, ya zama hajar ciniki. A mazhabar Malikiyya an bambanta mai juya kaya kullum, kamar mai shago, wanda zai ƙiyasta hajarsa duk shekara ya haɗa da kuɗin hannunsa, da mai ajiyewa yana jiran farashi ya tashi, wanda sai ya sayar zai fitar da ta shekara ɗaya. Nisabi dinari 20 ne, kimanin giram 85 na zinariya, abin fitarwa kashi 2.5 cikin 100. Ka kai wa malaminka littafin lissafinka ya duba halin da kake ciki, a nan ma rubutun zai yi maka rana.

Me ke rage wa kaya daraja a ajiye?

Zafi da ƙurar hunturu da laimar damina. Ƙura tana toshe fankar na'ura ta gajiyar da idon karanta faifai, laima tana sa kwali ya yi funfuna, gara da kyankyasai kuma takarda suke nema. Jera faifai a tsaye cikin kwalinsu, nesa da taga da bangon da ke tsatsafo. Cire batir daga duk hannun da ba ka amfani da shi kafin ya zubar da ruwa. Tsofaffin kaset na Game Boy da Super Nintendo suna da ɗan batir a ciki mai riƙe inda ka tsaya, yana mutuwa, ana kuma canja shi. Xbox ta farko, ta 2001, yawancinta tana da wani ɗan kafasito na agogo, wato ƙaramin ma'ajin wuta, da ke tsiyaya ya ci allon, masu gyara cire shi suke yi tun kafin ya yi ɓarna.

Wuta ta fi duka saurin kisa. Amurka wuta mai ƙarfin volt 120 take amfani da ita, Japan 100, mu kuwa 220 zuwa 240. Tsohuwar PlayStation ko babbar PS2 ta Amurka, ka jona ta kai tsaye ta ƙone nan take. Karanta bayan na'ura kafin ka jona, ka kuma sa kuɗin na'urar rage wuta da ta daidaita ta a cikin lissafi.

Ni gidan gem nake da shi. Lissafina ɗaya ne da na mai tarawa?

A'a, malam, naka kayan aiki ne, kullum cinyewa suke. A ce ka sayi na'ura 300,000 kana sa ran ta yi shekara uku. Raba da wata 36, ka ga wajen 8,300 ya kamata ka ware duk wata tun kafin ka kira wani abu riba, ka kuma ƙara a kai saboda canji. Hannaye a kuɗin wata-wata za ka sa su tare da man janareta da haya, don a gidan gem ba sa daɗewa. Kowace na'ura ka buɗe mata shafinta: abin da ta shigo da shi da abin da gyaranta ya ci.

Sau nawa zan sabunta ƙiyasin, kuma yaya zan yi idan zan sayar?

Abin da ka kashe, a ranar. Daraja kuwa sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, ka rubuta ranar da ka duba da inda ka samo farashin. Kada ka goge na bara, buɗe sabon gida a gefensa don ka ga inda abin ya dosa.

Idan za ka sayar, ware 'yan ƙalilan masu tsada ka sayar da su ɗaiɗai, sauran ka haɗa su a dunƙule. Na ƙwallo ka rabu da shi kafin sabon ya fito, wajen watan Satumba. Faɗi aibin kaya tun kafin a tambaye ka, a gwada a gaban mai saye, kada kuma ka saki kaya sai ka ga kuɗin a cikin asusunka na banki, ba a hoton rasit ba. Idan na'ura ce, fita daga asusunka, cire katin banki, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Layin kayan a jadawali kada ka share shi: rubuta ranar da ka sayar, kuɗin da ka karɓa bayan la'ada da kuɗin aike, da canjin dala na ranar.